Dala Da Olimfus: Duwatsu Biyu Da Labaran Da Aka Ɗora Musu



Kwanakin baya mun kai ziyara wata makarantar sakandare a Unguwar Dosa da ke Kaduna, inda muka zauna da 'yan ƙungiyar tarihi da labarin ƙasa bayan an tashi daga karatu. Muka jefa musu tambaya: a kan wane dutse ne Girkawan dauri suka ce allolinsu na zaune? Kafin mu rufe baki hannaye sun tashi, kowa na son ya riga ɗan uwansa faɗin Olimfus. Wasu a fim suka san shi, wasu a wasan waya, wasu kuma a darasin adabi. Har akwai wanda ya jero mana sunayen allolin kamar yana karanta rajistar aji.

Sai muka sake tambaya: to wane ne Barbushe, kuma a kan wane dutse ya zauna? Nan aji ya yi tsit. Can sai wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ce ta taɓa jin sunan a bakin kakarta, wadda Bakanuwa ce, amma ta ɗauka sunan wani dodo ne da ake tsorata yara da shi.

Ba mu ga laifin ɗaliban ba. Dutsen Olimfus yana nesa da mu da dubban kilomitoci, amma masu shi sun rubuta labarinsa, sun zana shi, sun yi masa fim, har ya iso wayar da ke aljihunmu. Dutsen Dala kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga tashar Kawo, kuma shi ma yana da nasa labaran masu ban mamaki, sai dai mun bar su a kan kanta ƙura na hawa. Wannan ne ya sa muka shirya da malamin ƙungiyar da wasu daga cikin ɗalibansa, ranar wata Asabar muka kama hanyar Kano, domin gani ya kori ji.

Darasin farko a kan hanya

Daga Kaduna zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 230 ce. Da muka wuce Rigachikun da Mararrabar Jos da Jaji, malam ya ce kowa ya bar taɓa waya ya dubi taga. Ƙasar shimfiɗe take, gonaki da itatuwa jefi-jefi, amma lokaci zuwa lokaci sai ka ga dutse ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili kamar an ajiye shi da hannu. Da muka kusa Zariya, ta wajen Wusasa, sai ga Kufena a hagunmu, baƙi ƙirin, ya tokare sama.

Masana labarin ƙasa suna kiran irin wannan dutse inselbag, kalmar Jamusanci mai ma'anar tsibirin dutse, kuma tana yawan fitowa a jarrabawa, don haka ku riƙe ta. Yadda yake samuwa shi ne, a ƙarƙashin ƙasar nan da muke takawa akwai tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ruwan sama yana ratsa tsagoginsa yana ruɓar da shi a hankali. Inda tsagogin suka yi yawa dutsen yakan ruɓe ya zama ƙasa, ruwa da iska su kwashe ta. Inda kuwa ya zama dunƙule guda ba tsaga, sai ya gagari ruwa. Bayan miliyoyin shekaru, ƙasar da ke kewaye da shi ta zaizaye ta yi ƙasa, shi kuma ya rage a tsaye. Wato Kufena bai tsiro daga ƙasa ba, ƙasar ce ta janye ta bar shi.

Mutanen dauri sun san amfanin irin waɗannan duwatsu. Daga samansu ana hango mahara tun suna nesa. A gindinsu ruwan da ya gangaro yakan taru, ƙasar wurin kuma ta yi albarka. Shi ya sa tarihin Zazzau yake manne da duwatsu: Turunku, da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, ita ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, sannan Kufena, inda har yau ana ganin burbushin tsohuwar ganuwa, kafin a kafu a birnin Zariya na yanzu.

Dala a idon mai labarin ƙasa

Mun isa Kano da hantsi. Wanda ya saba ganin hoton Olimfus da dusar ƙanƙara a kansa zai iya raina Dala in ya fara ganinsa, kuma wasu ɗalibanmu sun raina. Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku. Amma birnin Kano kansa yana kan tudu mai kimanin mita 480, don haka abin da mutum zai hau bai wuce mita hamsin da 'yan kai ba. Ɗan uwansa Goron Dutse, da ke yamma da shi, mita 517 ne. Akwai matakala da aka gina a jikin Dala wadda ake cewa tana da hawa 101. Ɗalibanmu sun ƙirga, amma saboda haki kowa ya fito da nasa lissafin.

Dala ya bambanta da Kufena. Samansa a baje yake kamar faifai, kuma jikinsa ja ne. Abin da ya rufe shi marmara ce, wannan jan dutse mai ramuka-ramuka da kuke gani ana zubawa a hanya kafin a sa kwalta. Marmara tana samuwa ne a ƙasashe masu zafi da ke da damina da rani. Da damina ruwa yana wanke sinadaran ƙasa masu saurin narkewa ya tafi da su, ya bar ƙarfe. Da rani abin da ya rage ya bushe ya ƙanƙare. Wannan ɓawo mai tauri shi ya zama wa Dala hula, ya kare ƙasar da ke ƙarƙashinsa, alhali ta gefe ta zaizaye.

Jan launin nan alamar ƙarfe ce, kuma a nan asirin Kano yake. A cikin irin wannan dutse ake samun tama, wadda ake narkawa a fitar da ƙarfe. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun gano wurin narka tama a gindin Dala, aka auna gawayin da aka samu a wurin, awon ya nuna wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Awon yana yiwuwa ne saboda duk itace yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da ƙa'ida bayan an sare shi, don haka in aka auna abin da ya saura a gawayi sai a ƙiyasta shekarunsa. Ke nan fiye da shekara 1,300 da suka wuce akwai masu hura wuta suna fitar da ƙarfe a inda muka tsaya. Mai ƙarfe shi ke da fartanya da gatari da mashi, wato noma da sharar daji da tsaro. Labarin baka ma ya zo daidai da haka, domin yana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo wurin neman tama.

Barbushe da Tsumburbura

Da muka huta a saman dutsen, malam ya zaunar da mu ya ɗauko labarin da ya kawo mu. Tushensa wani littafi ne na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Baturen mulki, H. R. Palmer, ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a 1908, kuma akwai shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Littafin ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya zo ƙasar, ya gina gida a kan dutsen, ya zauna da iyalinsa, ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu mata uku. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, baƙin mutum, ƙato, maharbi, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita. Shi ne shugaban mutanen wurin, kuma shi ne mai kula da abin bautarsu, Tsumburbura. Wurin bautar wata itaciya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, kuma an yi imani duk wanda ya shiga ba shi ba zai mutu.

Barbushe ba ya saukowa daga dutsen sai a ranakun biki. In lokacin ya matso, mutane su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin Dala da yamma. In dare ya yi sai ya fito da makaɗa, ya ja su zuwa wurin bautar, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara mai zuwa, alheri ko sharri. A irin wannan dare ne aka ce ya shaida musu cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, shi da zuriyarsa, shekaru masu yawa.

Littafin ya kuma ambaci manyan mutanen Barbushe da ke zaune a wasu wurare irin su Goron Dutse da Magwan da Fanisau da Jigirya, sunayen da duk Bakano ya sani har yau. Kowa da aikinsa: akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai mai haƙo tama ya narka.

Baƙon da aka yi hasashe shi ne Bagauda, wanda ake lissafa mulkinsa daga shekarar 999 zuwa 1063. Daga nan labarin ya koma na ja-in-ja tsakanin sababbin sarakuna da masu tsohuwar bauta, wanda ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Gijimasu, sarki na uku, ya fara ginin ganuwa. Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya yaƙi masu bautar ya rushe katangar wurin. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo Kano, littafin ya ce aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta.

Mu leƙa Girka

Yanzu mu koma dutsen da kuka riga kuka sani da suna. Olimfus yana arewacin ƙasar Girka, a kan iyakar yankunan Tesaliya da Masadoniya, kusa da teku. Shi ne dutse mafi tsayi a ƙasar. Yana da ƙololuwa 52, mafi tsayinsu ita ce Mitikas, mai kimanin mita 2,918. Don ku gane girmansa, Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Kuma Olimfus ya taso ne kusan daga bakin teku, tsakanin gaɓa da ƙololuwarsa bai kai kilomita 20 ba, don haka mai tsayuwa a ƙasa yana ganin tsayin nan gaba ɗaya a gabansa.

Asalinsa ya saɓa da na duwatsunmu. Yawancin jikinsa dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Irin wannan dutse a ƙarƙashin teku yake taruwa, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Daga baya motsin manyan faifayen da ke ɗauke da nahiyoyi, wato na Afirka da ke tunkuɗar na Turai, ya matse shi ya ɗaga shi sama. Ku lura da bambancin: Dala da Kufena saura ne da zaizaya ta bari, Olimfus kuwa turo shi aka yi daga ƙasa.

Tsayin nan shi ya ba shi yanayinsa. Ƙa'idar da kuka koya a aji ita ce duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Ku yi lissafi da kanku, za ku ga ƙololuwar Olimfus ta fi bakin teku sanyi da kusan digiri 19. Shi ya sa dusar ƙanƙara ke rufe ta watanni da yawa a shekara. Iska mai ɗauke da danshin teku kuma in ta ci karo da dutsen sai ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare, daga nan sai tsawa da walƙiya.

Yanzu ku sa kanku a matsayin manomin Girka na shekara 3,000 da suka wuce. Kullum yana ganin dutsen da kansa ke ɓoye a cikin gajimare, daga can ake jin rugugin tsawa, kuma bai san wanda ya taɓa kaiwa can ya dawo da labari ba. Ba abin mamaki ba ne da ya ce can ne fadar Ziyus, wanda suka ɗauka sarkin allolinsu, mai jifa da aradu. Suka ce manyan allolin goma sha biyu ne, ciki har da Hira matar Ziyus, da Atina ta hikima da dabarun yaƙi, da Afolo na kiɗa da duba, da Hefestos, wanda shi maƙeri ne. Suka ce sun sami mulkin ne bayan yaƙin shekara goma da tsofaffin alloli da ake kira Taitan. Mawaƙansu biyu, Homa da Hesiyod, waɗanda suka rayu wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, su ne suka tsara waɗannan labarai a waƙe, aka rubuta, suka wanzu. A gindin dutsen akwai garin Diyon, inda sarakunan Masadoniya ke yi wa Ziyus yanka, kuma kufansa na nan ana ziyarta.

Kada ku rikita Olimfus da Olimfiya. Olimfiya wani wuri ne can kudancin Girka, inda ake cewa an fara wasannin Olimfik a shekarar 776 kafin haihuwar Annabi Isa.

Hawa na farko zuwa Mitikas da tarihi ya rubuta ya faru ne ranar 2 ga Agusta, 1913. Mutum biyu 'yan ƙasar Suwizalan, Frédéric Boissonnas da Daniel Baud-Bovy, suka hau tare da wani maharbi ɗan yankin, Christos Kakkalos, wanda ya yi musu jagora. Abin da suka tarar duwatsu ne da hazo da iska mai sanyi.

Abin da ya haɗa su

A kan hanyar saukowa muka tambayi ɗaliban abin da suka ga ya yi kama a labaran biyu, kuma amsoshinsu sun burge mu. Ɗaya ya ce a duka biyun akwai wurin da ba kowa ke shiga ba, a Girka gajimare da tsayi ne suka tsare shi, a Kano katanga da tsoro. Wata ta ce duka biyun labarin canjin mulki ne, sababbi sun ture tsofaffi. Wani kuma ya lura cewa kowanne da maƙerinsa, abin da ke nuna darajar ƙarfe a wurin mutanen dauri ko'ina suke.

Akwai bambanci kuma. Girkawa sun ɗora allolinsu a can sama inda mutum ba ya zuwa, mutane suka zauna a ƙasa. A Dala mutum ne ke zaune a kan dutsen, gari kuma ya girma a kewayensa har ganuwa ta haɗiye shi. Olimfus kallonsa ake yi daga nesa, Dala kuwa maƙwabcin mutane ne, kuma wannan kusanci yana da nasa sakamakon, kamar yadda za mu gani.

Tatsuniya ce ko tarihi?

Ɗalibar nan mai kaka Bakanuwa ta tambayi malam ko ya halatta mutum ya tsaya karanta labarin masu bautar itace. Malam ya amsa mata cewa sanin abin da mutanen dauri suka yi imani da shi daban, yarda da shi daban. Ya tuna mata cewa wanda ya rubuta Tarihin Kano da Larabci ya rubuta, a birnin malamai, kuma bai ɓoye wannan babi ba, domin ba za a gane yadda Musulunci ya kafu a Kano ba sai an san abin da ya tarar. Girkawan yau ma mafi yawansu Kirista ne, ba sa bauta wa Ziyus, amma suna koyar da labarinsa a makarantunsu.

Aikin ɗalibi shi ne ya iya tankaɗe, ya raba tsaki da gari. Ga misalai daga labarin Barbushe. Babbar giwa takan kai nauyin tan biyar zuwa shida, don haka ɗaukarta a ka zuguguwa ce irin ta kirari, ana nufin jarumi ne. Amma ta bar mana wata tambaya mai amfani: ashe akwai lokacin da dajin Kano ke da giwaye? Na biyu, littafin ya kira ranakun bikin Barbushe da sunan Idi, alhali a lokacin Musulunci bai zo ba. Wannan ya nuna marubucin ya yi amfani da kalmar zamaninsa ne wajen bayyana abin da ya riga shi da ɗaruruwan shekaru. Na uku, shekarun da muka kawo muku, irin su 999, ba haka suke a rubuce a asalin littafin ba. Littafin ya faɗi yawan shekarun da kowane sarki ya yi ne, sai aka yi lissafi da baya-baya aka fitar da su, don haka na sarakunan farko ƙiyasi ne. Na huɗu, hasashen zuwan Bagauda an rubuta shi ne bayan abin ya riga ya faru, kuma mai hankali zai tambayi wa wannan hasashe ya yi wa amfani.

Sai kuma inda labari da bincike suka haɗu. Littafi ya ce akwai mai narka tama a cikin mutanen Dala, masu tono kuma sun sami wurin narka tama. In hujja biyu da ba su san juna ba suka faɗi abu guda, to magana ta yi ƙarfi.

Halin da muka tarar da Dala

A watan Fabrairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano. Ya hau Dala ya zana hoton birnin daga can, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin fatauci. A zamaninsa akwai gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa. Mu da muka tsaya a wurin, duk inda muka juya rufin gidaje ne har iyakar ganinmu, kuma gidajen sun matso har jikin dutsen.

Abin da muka gani a jikinsa bai yi mana daɗi ba. Ruwan sama ya yi kwararo a gefensa yana cin ƙasar da ke ƙarƙashin marmarar. In ta ƙasa ta tafi, ta sama takan rasa madogara ta karye ta faɗo, kuma a ƙasan akwai gidajen mutane. Mun ga leda da shara, mun ga inda aka mayar da wani lungu makewayi, mun ga sunayen da baƙi suka kankare a jiki. Wani dattijo da muka gaisa da shi a gindin matakalar ya ce mana tun yana yaro yake hawa, kuma a idonsa gefen dutsen ya ci baya.

Girka ta ayyana Olimfus a matsayin gandun ƙasa a 1938, shi ne na farko a ƙasar, kuma a 1981 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. Yana da nau'in tsirrai kimanin 1,700, wasu ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Dubban mutane na zuwa hawansa duk shekara, garin Litohoro da ke gindinsa yana cin abinci da su. Hatta dutsen da ke duniyar Mars, mai tsayin fiye da kilomita 20, sunan Olimfus aka sa masa. Dala shi ma yana cikin jerin share fage na wuraren tarihin duniya da Najeriya ta miƙa wa UNESCO a 2007, tare da ganuwar Kano da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Sunansa na kan ƙaramar hukuma, da asibitin ƙashi, da kwalejin 'yan mata. Amma suna kaɗai ba ya tare zaizaya, kuma dutsen marmara in ya rushe ba a sake gina shi.

Aikinku na wannan mako

Ba sai kun je Kano za ku fara ba. Ku da ke Kaduna, Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa yana kan titin Ali Akilu, Gidan Arewa kuma, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi, yana kan titin Rabah, duka ba su da nisa da Unguwar Dosa. Ku roƙi malaminku ya shirya muku ziyara. Na Zariya ga Kufena, na Kano ga Dala da Gidan Makama.

Sannan kowannenku ya nemi wani tsoho a gidansu, kaka ko baba ko inna, ya tambaye shi dutse ko tsauni ko tafkin da ke garinsu na asali. Mene ne sunansa, kuma me sunan ke nufi? Wane labari ake bayarwa a kansa? Akwai abin da aka hana yi a wurin? Ku rubuta yadda aka faɗa muku, ba ragi ba ƙari, ku sa ranar da aka ba ku labarin. A shafi na biyu ku rubuta abin da ido ke gani: launin dutsen, siffarsa, ko akwai ruwa a gindinsa, da abin da kuke jin ya jawo mutane suka zauna a wurin. In kun je wurin da kanku, ku tafi da babba, kada ku yi rubutu a jikin dutse, kuma ku dawo da ledarku.

Ku miƙa wa malamin tarihi ko na labarin ƙasa ya duba, sannan a aiko mana. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi da sunan makarantarku. Ɗalibar Unguwar Dosa ta riga ku farawa, domin ta ce a daren da muka dawo ta zauna da kakarta har sai da aka yi musu faɗa a kan dare ya yi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.